Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Hajiya Takardar Digiri

Daga Mahuta, kudancin kogin Kaduna.

Ranki ya daɗe,

Bayan gaisuwa mai yawa da tambayar lafiyarki, da ta muƙarrabanki, wato Magatakarda da Ma'aji da sauran masu riƙe da hatimi, ina fata wannan wasiƙa za ta same ki cikin ni'ima a inda kika saba zama, ƙasan akwati, tsakanin shaddar Sallah da ƙwayoyin kafur. Amma ba'adu.

Dalilin rubuto miki shi ne abin da ya same ni yau da hantsi. Jami'ar da ta ba 'yata gurbin karatu, wadda zan sakaya sunanta domin yarinyar za ta shekara huɗu a hannunsu, ta aiko da cewa kafin a zo zancen kuɗin makaranta, da na ɗakin kwana, da na katin shaida, wajibi ne in fara biyan wani abu wai shi kuɗin karɓar gurbi. Wato sun ce "mun ba ki," ita kuwa ba ta da ikon cewa "na karɓa" sai ubanta ya zuba kuɗi.

To, Hajiya, ni ɗan abin da na karanta a zaure, daga Risala har abin da ya sawwaƙa na Muhtasar, na san ciniki yana ƙulluwa ne da ijabi da ƙabuli, amma ban taɓa jin malamin da ya halatta a sayar wa mutum da ƙabulinsa ba, ko da a ruwaya mai rauni. Ko a wurin ɗaurin aure, inda waliyyi kan ce ya bayar, wakilin ango ya ce ya karɓa, ba a taɓa dakatar da Fatiha aka ce wa wakili ya kawo kuɗin furta kalmar ba. Kuma wai kuɗin ba a karɓarsa hannu da hannu, sai ta intanet, inda shafin zai ƙi buɗewa, in ya buɗe ya haɗiye kuɗin ya hana rasit, a bar dattijo yana shafar waya kamar mai neman tabarruki.

Kin san wanda ya taimake ni na biya? Wani ɗan unguwarmu ne mai POS, da ke zaune ƙarƙashin laima a mararrabar matatar mai. Injiniyan sinadarai ne, ke ma kina ɗakin uwarsa, an naɗe ki a leda don gudun gara. Ya cire ladarsa, ya ce, "Baba, a yi haƙuri, yau sabis ne babu." A bayansa ga bututun matatar da aka buɗe a 1980, wadda dominta ya zaɓi wannan karatu, ta shekara da shekaru ba ta tace ko kwalba ba. Masaƙun Kakuri kuwa, da suka fara da masaƙar KTL a 1957, suka ciyar da dubban gidaje a wannan ƙetare, kada ma a tayar da zancensu.

Ke! Wai da me kike taƙama ne? A 2021 kuɗin Jami'ar Jihar Kaduna ya tashi daga abin da bai kai naira dubu 30 ba zuwa dubu 150, alhali mafi ƙarancin albashi a lokacin dubu 30 ne, wato leburan gwamnati ya yi azumin wata biyar shi da iyalinsa kafin ɗansa ya zauna a aji. A Agustan 2023 Gwamna Uba Sani ya mayar da shi dubu 105, muka yi hamdala, sai dai cire tallafin mai da aka yi a Mayun shekarar ya riga ya miƙa rangwamen ga masu motar haya. A 2022 malamai suka yi yajin aiki wata takwas, yara suka dawo gida suka cinye mana hatsi. A biya ki a kan shekara huɗu, ki zo a ta shida, ki zo kuma ba aiki a hannunki! Fuƙaha'u suna kiran wannan garari, mu a kasuwa mu ce cinikin biri a sama, kuma ɓatacce ne a kowace mazhaba. Amma wa ya isa ya fasa? Ko aikin jiran kanti ne yanzu sai an tambayi ina kike, ga shi kin zame mana dole, kin kuma san haka, shi ya sa kike yi mana yanga.

Na ji an ce kin yi mana tanadin rance a asusun NELFUND, ba ruwa a kansa, sai shekara biyu bayan hidimar ƙasa a fara cire ushirin albashi. Madalla. Sai ki tambayar mini Ma'ajinki, tun da shi ne masanin hisabi, nawa ne ushirin albashin mai zaman laima, ki aiko mini da amsa tare da rasit ɗina, domin ranar Juma'a za su rufe shafin.

Wassalam.

Naki ala tilas,
Wani uba a Mahuta.