Jinjina Ga Sarkin Sayayya

Ranka ya daɗe, shugaban sashen sayayya na asibitinmu, masu hassada sun daɗe suna surutu a kanka. Yau dai bari a faɗi alherinka.

Wa ya kai ka hangen nesa? Ma'aikatan ɗakin gwaje-gwaje sun rubuto suna roƙon safar hannu, da kwalaben ɗibar jini, da ruwan Giemsa da ake rina jini da shi kafin a hango ƙwayar zazzaɓin cizon sauro a madubin likita. Kai kuwa ka san waɗannan tarkacen ba su da kwarjini. Ba a yanka musu ƙyalle, ba a gayyato musu 'yan jarida. Sai ka yo odar ƙatuwar na'urar awon jini ta miliyoyin naira, wadda sai da aka fasa ƙofa kafin ta shiga. An ce irinta ba ta karɓar sinadarin kowa sai na kamfanin da ya ƙera ta, kuma ba a sa shi cikin kwangilar ba, balle horar da ma'aikata ko injiniyan da zai riƙa duba lafiyarta. To ai nan hikimar take. Na'urar da ake mora ita ke tsufa. Tamu tana nan fes cikin ledarta, kamar amaryar da aka kai ɗaki aka manta da sayen baki. Ƙanwarta da ta zo daga Amurka, mai cin wuta bolt 120, an jona ta a tamu mai 230, ta yi tsaki sau ɗaya ta huta. Laifin wuta ne, ba naka ba.

Bin doka kuwa, sai dai a koya a wurinka. Dokar sayayyar gwamnati ta 2007 ta ce a yi takara a fili, a bai wa wanda ya cika sharuɗɗa kuma ya fi sauƙin farashi. Takardun farashi uku ake so? Ga su nan: kamfani uku, hatimi uku, rubutun hannu ɗaya. Ɗan kwangilar bara siminti ya kawo mana, bana sinadarai, kuma tun kafin ya iya furta sunansu ya karɓi kafin alƙalami. Mutum mai baiwa haka ai ba a barinsa ya zauna banza.

Amma inda ka yi zarra shi ne sito. Ƙa'ida ta ce abin da wa'adinsa ya fi kusa ƙarewa shi ake fara fitarwa, lamarin da ke sa ma'aikaci duba kwali ɗaya bayan ɗaya. Kai ka ɗauke musu wannan wahala: a Disamba, gudun kada ragowar kasafi ta koma baitulmali, ka loda kayan da saura wata biyu su lalace, duk su mutu rana ɗaya, babu gaba babu baya. Katin sito ya ce akwai, kanta ta ce babu, kuma kowa ya san takarda ba ta ƙarya. Mabuɗi yana aljihunka don tsaron amana. Ranar da ka tafi ɗaurin aure, asibiti ma ya sami hutu.

Sinadarai da yawa suna son sanyin firji tsakanin digiri 2 da 8. Shagwaɓa ke nan. Mu da muke shan zafin Afrilu sama da digiri 40 mun mutu ne? Kuɗin man janareto ya tafi inda aka fi bukatarsa, sinadarai sun koyi juriya, kuma idan Nepa ta yi halin kirki, zoɓon ma'aikata ma yana da haƙƙi a firjin. Haka GeneXpert, wadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da ita a 2010, mai gano tarin fuka cikin kamar awa biyu: wai ba ta son ɗaki ya wuce digiri 30. Na'urar sanyaya ɗakin ta lalace tun bara, takardar gyaranta na kan teburinka, ka ɗora mata kofin shayi don kada iska ta ɗauke ta.

Majinyaci bai yi asara ba. Ya zo tun asuba ba tare da ya karya ba, ya bi layi, ya biya kuɗin kati, a taga aka ce masa, "Baba, ka yi haƙuri, babu sinadari, sai dai ka je waje." Wajen ma ba nisa, tsallaken titi ne, kuma Allah da ikonsa, ɗakin gwajin surukinka ne. A can ba a taɓa rasa komai ba. Wasu 'yan sa-ido sun ce lambar da ke jikin kwalabensa irin ta namu ce sak. Ai kamfani ɗaya ya yi su.

Masu binciken kuɗi sun zo, sun ƙirga kwalaye ba su buɗe ba, sun ci abincin rana a ofishinka, sun sa hannu. Saboda haka muke roƙon hukuma ta ƙara maka girma, ta haɗa maka da ma'ajiyar jini da ɗakin tiyata.