Faɗan Yara Ba Yaƙin Tabkin Kwatto Ba Ne

Tun ban buɗe baki ba na ga wasu sun taɓe nasu. Alhaji, gyara zama. Hajiya, kada ki yi dariya tukuna, layi zai zo kanki.

La'asar ta yi, zafin Sakkwato ya sassauta, yara sun cika ƙofar gida, a Mabera ne ko Kanwuri ko Runjin Sambo. Maza na langa da gare, 'yan mata na carafke. Sai ɗanka mai shekara huɗu ya ƙwace tayar ɗan maƙwabci, ya ƙara masa da ƙasa a ido. Mi za ka yi?

Na san amsarka, Alhaji. Za ka zaro dorina ka fito da kabbara, kai ka ce rundunar Yunfa ce ta iso Tabkin Kwatto a 1804. Abokin gabar kuwa ko wandonsa bai iya ɗaurewa ba.

"Ai mu da bulala aka raine mu, ga mu mun zama mutane." Madalla. To wa na gani jiya a shataletale yana zazzaga wa ɗan kabu-kabu ashar? Yaron da aka zane gaban abokansa yakan koyi abu biyu: mai ƙarfi shi ke da gaskiya, kuma ɓarna sai an duba Baba ba ya kusa. Gobe ƙanensa zai biya bashin.

"Wannan tarbiyyar Turawa ce." Da na kawo maka dokar kare yara da Gwamna Tambuwal ya sa wa hannu a 2021, da ka ce ka kama ni. To mu je Madina. Muslim ya ruwaito cewa Manzon Allah (SAW) ya aiki Anas ɗan Malik yana yaro, Anas ya tarar da yara na wasa a kasuwa, ya shantake. Bai ankara ba sai ya ji an riƙe ƙeyarsa. Ya waiga, ya ga Manzo na dariya, ya kira shi da sunan lele, Unaisu, ya tambaye shi ko ya je aiken. Shekara goma Anas yana masa hidima, ko tsaki bai taɓa ji ba. A wace Ingila aka yi wannan?

"Hadisin duka fa?" Na san nan za ka ɓullo. Wancan kan salla ne, kuma ɗan shekara goma aka ambata. Naka huɗu gare shi, rigimar kuma ta tsohuwar taya ce.

Abin yi ba shi da wuya. Fara da wanda aka cuta, ka wanke masa ido da ruwa, naka yana kallo. Sannan ka ja naka zaure, ka durƙusa idonka cikin nasa, ka faɗa masa laifinsa a taƙaice: ba a watsa wa mutum ƙasa. Huɗuba ta Juma'a ce, kansa ba zai ɗauka ba. Ya mayar da taya da hannunsa, ya ce a yi haƙuri, ya koma wasa. In ya sake, ya zauna bisa dakali 'yan mintuna yana kallon wasu na morewa. Wannan ya fi masa ciwo da tsumagiya. In jifa ya kama yi, ko yana faɗawa titi, wasan yau ya tashi. Kuma ka duba cikinsa: a watan Afrilu da zafi ke haura digiri 40, yunwa da ƙishirwa da rashin barci su ne rabin rashin jin.

Hajiya, ga naki. Ke ba ki duka, amma "ɗana ba ya haka" ita ce waƙarki. Maƙwabciya ta tsawata masa, kin yafa mayafi kin tafi bin ba'asi. Magana ta kai gaban mai unguwa, gidaje biyu sun daina gaisawa, su kuwa masu faɗan tuni suna raba ƙosai a bayan katanga. Ka so naka, duniya ta ƙi shi. Da bakinki kike cewa ɗa na kowa ne, amma ranar da kowa ya taɓa shi sai ki nemi shaidu.

Ke kuma Kaka, mai kiran "zo nan mijina" kina tura masa alewa ana gama yi masa faɗa, Allah ya bar zumunci, amma ki jinkirta tukuicin zuwa magariba.

Har yanzu ba ka gamsu ba, Alhaji? Gwada na mako guda. Dorina ba ta ruɓewa. In ban yi gaskiya ba, tana nan inda ka rataye ta.