Zancen Juya Mahaifa: Saƙon Bazazzage ga Mutanen Bagwai

Ni dai Bazazzage ne, saboda haka ku mutanen Bagwai sai ku gyara zama, ubangidanku zai yi magana. Na san halinku sarai. Da an ambaci tiyatar haihuwa a majalisa, kowa ya zama likita. Wannan ya ce a ɓoye ake juya wa mata mahaifa, wancan ya ce ai in ka je birni da kuɗinka sai a juyo maka da ita daidai. Mutumin da ko allura aka ɗauko sai ya runtse ido yana salati, shi ne ke ba da labarin ɗakin tiyata kamar a can aka yanke masa cibiya.

To, babu likitan da ke kifa mahaifa, tana nan inda Allah ya ajiye ta. Abin da ake taɓawa bututu ne guda biyu, ɗaya a dama ɗaya a hagu, kowanne tsawonsa wajen santimita 10, waɗanda ƙwan mace ke bi daga ma'ajiyarsa zuwa mahaifa. Tunda ku manoman rani ne, ku duba Watari: dam na nan, gona na nan, magudanar da ke tsakaninsu ce aka toshe ko aka ɗebe. Shi ya sa matar da aka yi wa aikin take ci gaba da ganin al'adarta, tana shayar da jaririnta, zaman aurenta kuma yana nan yadda yake. Wanda ya ce matarsa ta sauya masa bayan tiyata, ya fara bincika kuɗin cefanen da yake bayarwa.

Aikin ma ya girmi kakanku. Tun 1880 wani likita mai suna Lungren ya ɗaure wa wata mata bututun nan a garin Toledo na Amurka, kuma a lokacin tiyatar haihuwa ya yi. Salon da likitocinmu suka fi sabawa da shi na Pomeroy ne, wanda aka wallafa a 1930. Bayan an ciro jariri an ɗinke mahaifa, sai likita ya ɗago tsakiyar bututun, ya lanƙwasa shi, ya ɗaure gindin lanƙwasar da zaren da ke narkewa a jiki, ya yanke saman. In zaren ya narke, bakunan biyu sun rabu, kowanne ya toshe. 'Yan mintuna ne, zare da almakashi kawai.

Sabon zancen shi ne a cire bututun ɗungurungum. Na ji wani dattijo can baya yana cewa, “Ka ji ko? Da ɗaurewa suke yi, yanzu sun koma kwashewa!” Baba, ajiye sandar tukuna. Masu bincike sun gano cewa mafi munin sankarar ma'ajiyar ƙwai, wadda ba kasafai ake gane ta ba sai ta ci jiki, sau da yawa daga bakin bututun nan take farawa. Ɗaurin Pomeroy kuwa yana barin wannan bakin a ciki. A 2010 likitocin lardin British Columbia na Kanada suka fara kira cewa matar da ta riga ta yanke shawarar tsayar da haihuwa, gara a cire mata duka. Wani babban bincike a Suwidin a 2015 ya nuna haɗarin wannan sankara ya ragu da kusan kashi 65 cikin 100 ga waɗanda aka cire wa bututun biyu.

Wahalar tana wajen jini. Mai ciki jijiyoyin da ke ƙarƙashin bututun a kumbure suke, cike tam. Likita zai bi fatar da ke riƙe da bututun kaɗan-kaɗan, ya matse da ƙarfen kamu, ya yanka, ya ɗaure, ya matsa gaba, har ya isa kusurwar mahaifa, yana kiyaye jijiyar da ke ciyar da ma'ajiyar ƙwai. Ko kuma ya yi amfani da na'urar lantarki irin LigaSure, mai liƙe jijiya da zafi sannan ta yanka. A wani gwaji da aka yi a jihar Alabama, aka wallafa a 2018, cirewar ta ƙara wa tiyata kusan minti 15, kuma mata 27 cikin 40 ne aka iya kammala musu, galibi saboda tabon tiyatar baya kan manne kayan ciki. A wani gwajin na shekarar, da aka yi da na'ura, cirewa da ɗaurewa duk wajen minti 6 suka ci.

Na san Bakano, yanzu zai ce nawa ne na'urar, ko za a yi ragi. Tana da tsada, Alhaji, kuma tana son wuta tsayayya. Saboda haka a asibitin da ake tura miji neman jini da tsakar dare, ban ga laifin likitan da ya tsaya kan Pomeroy ya rufe ciki da wuri ba. A manyan asibitoci irin na Malam Aminu Kano ko namu na Shika, inda ƙwararru suka taru, nan ne ya dace a tambaya ko cirewar za ta yiwu.

Malamin majalisa kuma ya gyara rawani zai ce haramun ne. Allah gafarta malam, Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi ta zauna a Kuwait a Disambar 1988, ta hana kashe haihuwa gaba ɗaya sai in akwai larurar da shari'a ta amince da ita. Larurar kuwa ba ƙirƙira ba ce: matar da mahaifarta ta fashe saboda doguwar naƙuda aka ɗinke, wadda aka yi wa tiyata sau da yawa har bangon mahaifar ya yi siriri, ko mai ciwon zuciyar jego, wanda likitocin Zariya suka yi ta rubutu a kansa tun shekarun 1970. Kafin ku yi dariya, ku ma kuna dama kunun kanwan da ake zargi da hannu a ciwon.

Shakkunku ba daga sama ya faɗo ba, wannan na ba ku. Gwajin maganin Trovan na 1996 a Kano ya faru, yara sun mutu, an je kotu. Amma kun kuma ƙaurace wa rigakafin shan-inna a 2003 kan cewa yana hana haihuwa, ga shi yaran da aka ɗiga wa daga baya suna gayyatarmu suna.

Abu ɗaya ne babu wasa a cikinsa. Bututun da aka cire ba ya dawowa, ko a birni, ko a Misira. Abin da ya rage sai dashen ƙwai, mai cin miliyoyi. Don haka ba a yin aikin sai da yardar matar da sa hannunta, kuma ba a bakin ɗakin tiyata ake yanke wannan shawara ba, tana murƙususu kai kana zufa. Malam, in uwargida ta taɓa shan tiyata kuma ga wani cikin, ka bar wa yara albasar yini ɗaya, ka raka ta awo. Ku tambayi likita ko wani cikin zai zame mata haɗari, in kuwa za a tsayar, ɗaurewa zai yi ko cirewa, da dalilinsa.