Jinjina ga Sarauniyar Murhu

Sannu da aiki, tukunyar sanholo, sarauniyar murhun Kurfai! Duk wanda ya ratsa kasuwar Filinge ran Lahadi ya gan ki jere kina ƙyalli, ga araha, ga rashin nauyi. Tun da kika iso, tukunyar ƙasa ta kakanninmu ta koma bayan ɗaki.

Asalinki abin alfahari ne, don ba ki san ƙyama ba. Gwangwanin lemo, fistan mataccen inji, ruɓaɓɓen lagireto, duk maƙeri ya tara ya antaya a wuta ɗaya, kamar yadda ake yi a Katako ta Yamai. Wa ke da lokacin tsince-tsince? In dalma ta biyo tarkacen, ai gyara ce, mai saye bai biya kuɗinta ba.

Madalla da maigidanki, uban tarbiyya. Sanholo ba ya narkewa sai zafi ya kai digiri 660, amma maƙerin ya horar da ɗan yaro ya ɗauko narkakken ƙarfe da silifa a ƙafa, hancinsa cikin hayaƙi. In ƙarfen ya haɗu da ɗigon ruwa ya fantsamo masa, tabon nan ya isa takardar shaidar ƙwarewa.

Wajen kyauta kuwa ba ki da na biyu. A ɗora miyar yakuwa, ko kunun tsamiya, ko a jefa kanwar Dallol cikin wake, sai ki gutsuro daga jikinki ki ƙara wa iyali. Farin garin nan da ƙananan ramukan da ke gindinki su ne shaidar abin da kika bayar. A 2014 masu bincike suka tafasa ruwan tsami cikin 'yan'uwanki na Kamaru, suka tarar da dalma ta fito. Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta ce babu adadin dalma da aka sani ba ya cutar da jiki. Rabu da su, hassada ce!

Abin da ya fi burge ni shi ne kunyarki. A Zamfara, a 2010, dalmar haƙar zinariya ta kashe yara sama da 400, duniya ta ɗauka. Ke ba ruwanki da hayaniya, cokali-cokali kike aikinki. Yaro ya kasa riƙe karatu a lakwal, a ce daƙiƙi ne. Mai ciki ta yi ɓari, a ce iska ce. Mai ciwon ƙoda ya ƙara rikicewa, a ce sammu. Kina kan murhu, ba mai nuna ki da yatsa.

Mu yaba wa masu karɓar kuɗin kasuwa su ma, da ba su taɓa wahalar da ke da gwaji ba. Uwargida, kada ki kuskura ki juye miya mai tsami cikin wani kwano, bar ta ta kwana ta jiƙu sosai. Ai mun ci riba: abin da muka rage wajen ciniki, 'ya'yanmu ne ke cikasa shi da ƙwaƙwalwarsu.