Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Malam Rasit Na Tolget

Zuwa ga Malam Rasit,
Aljihun gaban mota,
Ƙarƙashin takardar inshora.

Ranka ya daɗe,

Da fatan har yanzu akwai sauran rubutu a jikinka, amin.

Na rubuto ne a madadin 'yan'uwana masu bin hanya, mu da sandar tolget ba ta ɗaga mana sai mun biya. Malam, kai kaɗai ne shaidarmu. Ma'aikacin da ke zaune a ɗan ɗakin nan ba zai tuna fuskar kowa ba, kafin azahar ya sallami motocin da shi kansa bai san adadinsu ba. Sanda kuwa ba ta da baki. Idan aka wayi gari ana gardamar an biya ko ba a biya ba, kai za a nema. To me ya sa duk ranar da aka neme ka sai a tarar ka yi fari fat?

Na yi tambaya a kanka, an ce laifin daga halitta ne. Ashe babu ko ɗigon tawada a jikinka. Wani sinadari aka shafa maka, na'ura ta ɗan ƙona wuraren da take so su zama haruffa, shi ke nan. Shi ya sa rana ke cinye ka, gumin aljihu ya cinye ka, maiƙon ƙosai ya shafe ka, salatif ma idan aka manna maka sai rubutun da ke ƙarƙashinsa ya gudu. Wanda ya manta da kai a kan dashbod ranar zafi zai dawo ya same ka ka yi duhu. Wanda kuma ya ce bari ya girmama ka ya kai ka a yi maka laminatin, baƙi ƙirin za ka fito masa, ko lamba ɗaya ba zai gani ba. A ƙasar da zafin Maris da Afrilu ke narkar da kwalta, wa ya ba da shawarar a ɗauko shaidan da zafi ke kashewa?

Na san ka daɗe ba ka bin manyan hanyoyinmu, wataƙila aikin ne ya kwance maka. A ƙarshen 2003 Shugaba Obasanjo ya sa aka rushe tolget-tolget na hanyoyin tarayya, aka ce da harajin man fetur za a riƙa gyaran hanya. Gine-ginen suka tafi, wuraren suka zama tashar sauka, har yau kwandasta na kiran Tolget a bakin Kaduna ta hanyar Abuja, haka ma a Sango Ota. A 2021, lokacin Babatunde Fashola yana ministan ayyuka, Majalisar Zartarwa ta amince da sabon tsarin karɓar kuɗin hanya a kan tagwayen tituna. Sai a Fabrairun 2025 aka ga ka dawo da ƙarfinka a kan titin da ya tashi daga Keffi ya bi ta Akwanga da Lafiya zuwa Makurdi, mai tsawon kilomita 227, wanda aka faɗaɗa da bashin bankin Exim na ƙasar Sin. Bashi kuwa biyansa ake yi, wannan ba mu musa ba. Direban da ya san yadda hawan Akwanga yake a da ba zai ce hanya ba ta canza ba.

Farashin da aka sanar ranar buɗewa a bayyane yake: ƙaramar mota naira 500, jif 800, ƙaramar bas 1,000, manyan motoci masu tayoyi da yawa 1,600. A takarda ba gardama. Amma ka zo tasha ka tambayi direbobi ko Sienna mece ce. Mai ita zai rantse maka ƙaramar mota ce, tun da da ita yake kai yara makaranta. Wanda ya dube ta daga nesa zai ce jif ce. Wanda ya leƙa ciki ya ga fasinja bakwai, buhun doya biyu da akuya a but zai ce wallahi bas ce. Kai ne ya kamata ka raba wannan rigima, domin a jikinka ake rubuta ajin da aka sa motar, idan an caji mutum fiye da ƙima da kai zai koma ya yi magana. Kafin ya samu ranar komawa, ka riga ka yi shiru.

Sai batun biya da kati. Duk wanda ya taɓa miƙa katinsa a gidan mai ko a kanti a ƙasar nan ya san wannan wasa: alat ya shigo waya, kuɗi sun fita, na'urar POS kuma ta ce ba ta ga komai ba. A kanti mutum zai iya tsayawa ya yi bayani. A tolget kuwa akwai tirela a bayanka tana danna ham, akwai mai Sharon da ya leƙo da kai yana tambaya ko nan za ka kwana. Dole ka sake biya ka wuce. Babban Bankin Nijeriya ya ce tun 2020 kuɗin POS da suka maƙale a mayar wa mai su cikin awa 72. Idan ba su dawo ba ka je banki, abu na farko da za a tambaye ka shi ne rasit ɗin da ya nuna cinikin bai yiwu ba. Ka ji ikon Allah, Malam. Ƙaninka da ke shaidar ba a biya ba ya fi ka daraja a gaban kanta, shi ne kuma mutane suka fi saurin dunƙulewa su jefar ta taga don haushi.

Akwai waɗanda ba ka taɓa shiga hannunsu ba, kuma ba na jin haushin dukkansu. Mai keke, mai babur da ɗan adaidaita an yafe musu, madalla, wanda ya tsara wannan Allah Ya saka masa. Motocin soja da na jakadu su ma doka ta ɗauke musu. Motocin haya an ce rabin kuɗi za su biya, sai dai fasinja bai ji wannan rabin a kuɗin mota ba, cikakken labarin tolget kawai yake sha duk lokacin da ya nemi ragi. Waɗanda nake magana a kansu su ne masu yafiyar da ba a rubuta a ko'ina ba: mai jiniya, mai baƙin gilashi, mai ɗora hula a gaban mota, da mai sauke gilashi rabi ya ce, "Ka san da wa kake magana?" A watan Mayun 2024 sai da Ministan Sufurin Jiragen Sama Festus Keyamo ya fito ya ce an soke yafiyar manya a ƙofofin shiga filayen jirgi, har Shugaban Ƙasa da Mataimakinsa za su riƙa biya, saboda mafi yawan kuɗin da ya kamata a samu daga wajen manyan ba ya shigowa. Wato masu abin biya su ne ba sa biya. Babban mutum fuskarsa ce takardarsa, ita kuwa ba ta kodewa a rana. Ni da na biya, ni ne kullum ake cewa in kawo hujja.

Inda abin ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne ofis. Akantanmu mutumin kirki ne, amma bai san kowa ba sai takarda. Ƙarshen wata zan baje masa ku a kan tebur, ya ɗaga ɗaya ya duba ta hasken taga, ya juya bayanta, ya cire tabarau ya sake sawa, sannan ya ce, "Malam, wannan ai farar takarda ce." Yanzu da an miƙo ka nake ɗaukar hotonka da waya kafin in sa giya, in yi maka fotokwafi idan na isa gari, in ɓoye ka a tsakiyar littafi inda rana ba ta kaiwa. Ya ce hoto ba orijinal ba ne. Orijinal ɗin kuma ga ka nan, ba ka cewa uffan.

Na lura da wani hali naka. Idan ka fara kodewa, kwanan wata ne ke fara tafiya, adadin kuɗi ya bi shi, amma "mun gode" da ke can ƙasa sai ya yi ta zama daram. Don Allah ka juya tsarin. Godiyar mun yafe, ka riƙe mana kwanan wata, lambar ciniki da naira nawa, ko da zuwa biyar ga wata ne. Ranar Litinin da ƙarfe goma za mu shiga wurin akanta, ni da kai da 'yan'uwanka. Ka yi ƙoƙari ka kai.

Naka mai biya kullum,
Wani mai Sienna, wadda ƙaramar mota ce.