Janar Ya Karɓi Mulkin Gida

Da ɓarayi suka addabi layinmu, sai na nufi Jos, inda ake kiwon karnukan gadi, na dawo da kwikwiyo jinsin Boerboel, irin na manoman Afirka ta Kudu. Na raɗa masa Janar. Kafin shekara ta zagayo ya kusa kamo ni a nauyi, kai kamar turmi.

Wani abokina ya ce, "Irin waɗannan sai ka nuna musu kai ne maigida. Ka ci abinci a gabansa kafin ka ba shi, ka riga shi fita ƙofa."

Na zauna da tuwona ina kai loma cikin isa. Ina waiwayawa in ɗauki ruwa, na tarar da kwano fes. Wajen fita kuwa tare muka kutsa, na tsinci kaina a ƙasa, hula gabas, takalmi yamma. Da na ɗaura masa igiya mu zaga unguwa, shi ya zaga da ni har cikin kwata, yara na bin mu suna ihu: "Kare ya fito da Alhaji shan iska!"

Likitan dabbobin da ke yi masa allurar rigakafin haukan kare ya yi dariya har da ƙwalla da na ba shi labari. Ya ce wannan zance na nuna wa kare kai ne maigida ya samo asali ne daga binciken 1947 kan kyarkecin da aka kulle a gidan namun daji na Basel. David Mech, masanin da ya yayata shi, da kansa ya warware a 1999: a daji, garken kyarkeci uwa da uba ne da 'ya'yansu. "Kare mai taurin kai ciniki yake so," in ji likita. "Kalma ɗaya, da ya bi ka biya shi nan take. Minti biyar ya isa, kuma tun yana jin yunwa."

Na shiga yawo da kilishi a aljihu. Janar ya iya "zauna" har ya wuce gona da iri: da na dawo gida sai ya zauna a tsakiyar zaure, ba ya gusawa sai na biya kuɗin shiga.

Uwargida kuwa tana cewa "Janar, matsa," sai ya matsa, ba ko sisi. Na tambaye ta sirrin.

Ko ɗago kai ba ta yi daga tankaɗe ba, ta ce, "Alhaji, ai ba shi ne mai taurin kai na farko da na horar a gidan nan ba."