Ummi da Janaretan Oga

Duk wanda ya san Coal Camp a Inugu ya san ba unguwar barci ba ce. Turawa ne suka kafa ta don leburorin haƙar kwal, bayan an gano shi a wajejen Udi a 1909, kuma ko da kwal ya zama tarihi, bugun ƙarfe bai mutu ba. Masu kayan gyaran mota ne, makanikai ne, masu walda ne, kowa da gudumarsa. Ni ɗan Funtuwa ne. Gurjiya nake saukewa daga Arewa ina auna wa matan da ke dafa okpa, wannan alalar da mutumin Inugu ba ya karyawa sai da ita. Ciki da falo na kama a wani gidan haya, maƙwabtana duk Ibo.

Haihuwar fari ce, don haka Maman Ummi gida ta tafi wanka, ba ta dawo ba sai da yarinya ta kusa wata uku. Aka kawo mini 'ya kamar an saya a kanti. Da an yi isha'i ta sha nono ta bingire, sau ɗaya take motsi kafin asuba. Ranar Juma'a, bayan an sauko daga masallacin Owerri Road, na buɗe baki a majalisa na ce ni ban ga abin da ake kuka da shi a renon jariri ba. Wani dattijo mai canji, wanda 'ya'yansa sun cika tabarma, ya dube ni ya ce, "Allah ya raya." Yadda ya ja wannan "raya" ɗin har yau yana kunnena.

Tana cika wata huɗu aka sauya mana yarinya. A kwantar da ita, kafin awa ta cika ta farka. A ba ta nono, a jijjiga, a lallaɓa a ajiye, mu koma shimfiɗa da sanɗa, ido bai gama rufuwa ba sai ka ji "eee". Ba zazzaɓi, ba gudawa. Ka haska ta da fitilar waya ma sai ta washe maka dasashi. Ga shi sunan mahaifiyata gare ta, ba halin in yi mata tsawa. Ƙarfe biyun dare za ka ji ni ina cewa, "Haba Hajiya, ki yi wa Allah ki yi barci."

Magani kuwa ya zo ta kowace kusurwa. Hajiya ta gaske ta ce a waya, "Baki ne. Wa ya aike ka yabon takwarata a cikin mutane? A yi mata tofi." Aka yi. Surukata ta ce nono ne bai isa ba, a dama wa mai jego kunun gyaɗa. Aka dama, rabi ni na sha. Madam ta ɗakin kusa da famfo ta ce yunwa ce, a ɗura mata akamu, haka ta yi wa nata su biyar.

Da muka kai ta awo asibitin sha-ka-tafi, wata nas ta saurare mu ta yi dariya, ta ce lafiyar yarinya ƙalau, girma ne ya zo. Wai wajen wata huɗu barcin jariri yakan rikiɗe ya fara kama da na manya, mai nauyi da mara nauyi suna karɓa-karɓa, zagaye ɗaya bai cika awa ba. A ƙarshen kowane zagaye yaro yakan ɗan farka ya duba ko duniya tana yadda ya bar ta. In a bakin nono barci ya ɗauke shi, ya farka ya ga ba nono, to sai kowa ya ji. Ta ce, "Oga, kai in ka kwanta a katifarka ka farka a tashar Holy Ghost, shiru za ka yi?" Ta hana ruwa da akamu sai an cika wata shida. Ta ce a riƙa kwantar da ita rigingine, a rage haske da hira da dare, a ajiye ta tana gyangyaɗi tun barci bai ɗauke ta ba. Abin yakan wuce cikin mako biyu zuwa shida, in ji ta, amma wasu yaran sukan maimaita wajen wata takwas.

Wannan shawarar ta ajiyewa tana gyangyaɗi, wanda ya ƙirƙiro ta bai taɓa haɗuwa da Ummi ba. Bayanta na taɓa katifa idanu su buɗe tar.

Wani dare Maman Ummi ta gaji har tana magana ba kai. Na ce kawo zani. Ta goya mini ita, ta ɗaure da majanyi, na fita tsakar gida ina kai da komo, daga ni sai gajeren wando. Sai ga tocila a fuskata. Mai gidan hayar ne, da adda a hannu, ya ji motsi ya ɗauka ɓarawo ne. Ya haska fuskata, ya haska zanin atamfa a ƙirjina, ya haska ƙafafuna. Bai ce uffan ba ya koma. Gari na wayewa duk matan gidan suka fara gaishe ni da "Mama".

A wannan sintirin ne na gano sirrin. Maƙwabcina mai sayar da kayan gyaran mota, wanda kowa ke kira Oga, yana da ɗan janareta irin mai hayaƙin nan, yana ajiye shi can bayan gida. Muddin yana ruri, Ummi na barci. Sha biyu na yi ya kashe, ita kuma ta kunna nata. Na ƙwanƙwasa masa ƙofa cikin dare. Ya leƙo ya ce, "Alhaji, lafiya?" Ban taɓa zuwa Makka ba, amma a Inugu hula ta isa. Na ce, "Oga, taimaka ka tayar da injin nan." Ya ce ba mai. Na ce gobe akwai.

Haka na zama mai sayen fetur na gidan Oga, kuma a zamanin da aka cire tallafi, tun Mayun 2023 kowa ya san yadda lita ta koma. Ribar gurjiya ta riƙa tafiya a galan. Shi da iyalinsa suna kwana da fanka, firjinsu na sanyi, ni ko waya ban ja ba, ƙara kawai nake saya. Ranar da aka kawo wuta tsakar dare, yaran unguwa suka kaure da ihun murna, Oga ya fito ya kashe inji, Ummi ta tsandara kuka. Na fito a guje ina roƙonsa ya mayar. Ga ƙwan lantarki na ci a kowane ɗaki, ga Bahaushe yana rantsuwa a tayar da janareta. Madam ta kira matata gefe ta tambaye ta ko a danginmu akwai mai irin wannan lalurar.

Barcin da nake bin bashi kuwa a masallaci ya kama ni. Sujadar farko ta sallar asuba na tafi. Liman ya ɗago, ya sake sujada, ya miƙe raka'a ta biyu, ni ina nan goshi a ƙasa. Na kusa da ni ya ɗauka khushu'i ne, sai da ya ji minshari. Ko Litinin ɗin zaman gida, da kasuwa ke rufe kowa na ramuwar barci, Ummi ba ta san da ita ba.

Maman Ummi ce ta kashe maganar. Wani dare na dawo da galan na tarar Oga bai tayar da inji ba, amma ruri na tashi daga ɗakinmu, yarinya kuma na sheƙa barci. Ashe ta ɗauki ƙarar janaretan a wayarta, ta rage murya, ta ajiye a kan kwaba nesa da kan yarinya. Na tambaye ta tun yaushe dabarar ta zo mata. Ta ce, "Baban Ummi, ai na ga kana jin daɗin zumunci da Oga, shi ya sa ban katse ka ba."

Sannu a hankali farkawar ta ragu, har aka daina kunna wayar. Oga ya yi kwanaki yana amsa gaisuwata a daƙile. Shekaranjiya dai ya tare ni a bakin famfo da fara'arsa, ya tambayi kasuwa, ya tambayi mutanen Arewa, sannan ya rage murya ya ce, "Alhaji, Madam ta ce wai abin yana dawowa. Yaushe ne yarinyar za ta cika wata takwas?"